Baburan da Suka Kwana a Biro

Ranakun aikin nan da yawa sun wuce ban riƙe su ba. Amma Talatar da sabon shef ɗinmu, wato shugaban wurin aikinmu, ya tsuguna a bakin ƙofa yana duban ƙasa, ita ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

Sunana Iro. Shekara goma sha tara ke nan ina gadin wani biro, wato ofishin gwamnati, a tsakiyar Tasawa, bayan kasuwa kaɗan. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Aikina ƙofa da fili. Tun da da yawanku sababbi ne a gadi, bari in faɗi yadda aikin yake a wurinmu kafin in shiga labarin.

Ɗakina yana jikin ƙofa, nan nake kwana da iyalina. Bayan sallar asuba in share fili, tun daga baranda har bakin titi. Yashi ne, babu siminti. Ƙarfe bakwai da rabi in buɗe babbar ƙofa. Akwai kuma ƙaramar ƙofa ta baya, mai fita wani lungu inda masu amalanke ke sauke kaya. Lakilen duka biyun, wato makullinsu, yana hannuna.

Motar biro guda ce, wurinta gaban baranda. Sauran ma'aikata babura suke hawa. Itacen dogon yaro biyu ne a filin, kuma inuwarsu ita ce abin rigima. Ba wanda ya riga zuwa ke samun ta ba, wanda ya riga shiga aiki ne. Ba a kulle wuyan babur a wurina, don inuwa tana tafiya, ni kuma ina bin ta da baburan, sau uku kafin la'asar. Ranar Tasawa tana fasa kujera, tana kuma shanye mai a tanki.

Doka guda ce mai nauyi. Tana manne a bango, an karanta mani ita ranar da na kama aiki. Abin hawa ba ya kwana a fili, in ba motar biro ba. Dalilin a fili yake. Muna kusa da iyaka, babur ɗin sata kan nemi inda zai kwana biyu kafin ya ƙetare. Gardi, wato mai gadi, da aka samu da babur da ba a san mai shi ba, jandarma ne ke yi mashi tambaya.

Bara waccan, cikin bazara, isans, wato man fetur, ya yi wuya. Da can kowace kusurwa akwai mai tebur da kwalabe a jere. Sai aka wayi gari tebura babu kowa. A gidan mai kuwa, ka bar babur a layi da safe, ka komo da la'asar ba a kai gare ka ba. Ƴan kabu-kabu rabinsu sun jingine babura sun koma sharar gona. Masu shara da leburori na biro ba su damu ba, da ma da ƙafa suke zuwa. Waɗanda abin ya kama su ne su mushe, yadda muke kiran ma'aikatan tebur, masu wando mai karin guga.

A garinmu mushe ba ya hawa sharet. Sharet shi ne amalanken jaki ko na shanu, wanda ke kawo itace da kara da mata masu tallan nono. Ba a rubuta haka ko'ina ba. Amma duk wanda ya yi lakwal ya sami kujera a biro, in aka gan shi bisa sharet ƙafafu na reto, za a yi shekara ana ba da labarin.

Mushe Sale ne ya fara zuwa wurina. Shi ke riƙe da takardun biro, shi ne kuma mafi daɗewa a cikinmu. Sa'ana ne a shekaru, amma ya riga ni shiga ƙofar nan da nisa. Yana zaune a ƙauyensu kan hanyar Urafane, don tsohuwarshi ta ƙi zaman gari. Inuwar farko tashi ce, ba mai ja.

Wata Litinin dab da la'asar ya tsaya kusa da bencina, yana duban wani wuri.

"Iro, babur ɗin nan zai kwana nan yau."

"Ya lalace?"

"Zai kwana."

"Doka fa, Mushe?"

"Na san dokar. Ni na buga ta. Tsakanina da kai ne. Ko matarka."

Na ce to. Ban tambayi kwana nawa ba. Nan na fara kuskure.

Washegari tun kafin bakwai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Wani mutum ne da tsohuwar riga, ya ja rawani har bisa hanci, da leda a hannu. Sharet ɗin shanu na maƙwabcinshi, mai kawo itace kasuwa, yana juyawa a bakin lungu. Mushe Sale ne. Ya shiga ɗakina, ya wanke ƙafa da butata, ya sa wando da takalmi daga cikin ledar. Ya fito riƙe da lakilen babur, ya zauna a teburinshi. Duk wanda ya iso ya ga babur a inuwa, ya ga mai shi a ciki. Shi ke nan.

Bayan kwana huɗu sai Madam Hadiza, mai buga takardu. Gidanta can ƙarshen gari, mijinta direba ne, ba ya zama. Ƙaramin babur gare ta irin na mata. Ita ba ta yi kwana-kwana ba.

"Baba Iro, wallahi ko ɗigo babu. Akwai matan da ke kawo nono da sharet ɗin jaki, ta ƙofar gidana suke bi. Amma in Lawali ya ji na shiga uku. Bakinshi ya fi rediyo."

Lawali kuwa shi ne ya zo na ƙarshe. Yaro ne sabon ɗauka, ango, da jan babur sabo. Bagobiri ne, Madam kuma Bakatsina, kullum suna yankan juna da wasa, kuma ba wanda ya tsira daga bakinshi a biro ɗin nan.

"Baba, injin ne ke ɗan tari. Bari shi huta nan kwana biyu."

Na kama babur na girgiza. Babu motsin komi a ciki.

"Tankin ne ke tari," na ce.

"Baba, don Allah a hankali. Ka rufa mani asiri."

Shi da keken surukinshi ya dinga zuwa. Ya bar shi wurin mai faci a lungun baya, ya shigo yana juya lakile a yatsa, yana ba mutane labarin yadda ya sha wahalar layi a gidan mai.

Ga ni da babura uku. Kowane ɗaya cikin masu su yana zaton shi kaɗai ne. Ban gaya wa kowa na kowa ba. Tashinsu daban-daban ne. Madam tana fita da wuri saboda yara, Mushe Sale in ya tafi sallar la'asar ba ya komowa, Lawali shi ke rufe biro. Duk wanda ya fita sai in janye nashi. Ɗaya bayan ɗakin ajiya, ɗaya ƙarƙashin tsohuwar zana, ɗaya cikin ɗakina, matata tana ƙetare shi tana tsaki. Da safe in fito da su, in goge, in jera kowane a wurinshi.

Sai na ƙara wani abu da ba wanda ya sa ni. Tun da ni ke share yashi kullum, na ga mai lura zai ga babura a inuwa amma babu sawun shigarsu. Don haka bayan shara nakan tura kowane har bakin titi, in juyo da shi, in maido. Sawu ya fita sarai. Ina ganin wayo na yi.

Mun yi mako uku a haka. Cikin wannan lokaci aka kawo mana sabon shef, Shef Bubakar. Bafillace ne daga wajen Issawane, siriri, ba ya ɗaga murya. An ce ya yi kiwo kafin a kai shi lakwal. Gidan da aka ba shi kusa ne, da ƙafa yake zuwa. Bai san mutane ba tukuna, balle baburansu.

Talatar makonshi na biyu ya iso ina gama buɗe ƙofa. Ma'aikata biyu sun riga sun shigo da baburansu. Ya sa ƙafa zai shiga, sai ya tsaya. Ya ja wando ya tsuguna. Ya daɗe.

"Baba gardi, zo."

Na zo.

"Babura nawa suka shigo yau?"

"Ga su nan biyar, ranka shi daɗe."

"Biyu suka shigo. Uku turo su aka yi."

Ya ɗauki tsinke yana nuna mani, kamar mai koya wa yaro. Babur ɗin da mutum ke bisa, in ji shi, yana nutsa a yashi, yana kuma watsa shi gefe in ya sha kwana. Waɗannan uku ba su nutsa ba. Ga kuma sawun takalmi a hagunsu, yana tafe tare da su, fita da shiga. Takalmin taya ne, na dama ya cinye a dunduniya.

Ya dubi ƙafata. Ni ma na duba.

Ya tashi ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannu a kan inji. Biyu da ɗumi. Uku sanyi ƙalau.

"Na wane ne?"

"Na mutanen biro ne."

"Su wa?"

Na mai da ido kan sawun.

"Baba, in na zauna a barandar nan yini guda zan sani da kaina. Ba shi nake so ba. Daga bakinka nake son ji. Gardin da ke ɓoye mani abin da ke kwana a filina, ban san mi kuma zai ɓoye ba."

"Amana aka ba ni, ranka shi daɗe."

"Ni ma amanar filin nan aka ba ni. Ina ba ka zuwa Juma'a kafin a tashi. Ko sunaye, ko lakilen ƙofa. In lakile ka kawo, takarda za ta tafi wurin jandarma, don ni ban san ko na sata ne ba."

Bai yi faɗa ba. Ya kakkaɓe hannu ya shige.

Ga yadda nake a lokacin. Na haura sittin. Na yi ginin rijiya, na yi dako a ƙetare, bayana ya tafi can. Ɗakin da muke kwana na aikin ne, in aikin ya tafi ɗakin ya bi shi. Gardin da aka kora a kan babura kuwa ba ya sake samun wata ƙofa a Tasawa, ko da jandarma sun wanke shi. Ba zan yi maku ƙarya ba, ranar Laraba da safe har na taka matakalar baranda da sunaye uku a bakina. Na komo. Ba tsoron Allah kaɗai ya maido ni ba. Na san in na faɗa sau ɗaya, ba mai sake barin ko buta a wurina. Shef ɗin kanshi zai san irin gardin da yake da shi.

Sai na bi su ɗaya-ɗaya. Kowa na gaya mashi maganar nashi babur kaɗai. Na ce Shef ya gane, ya ba ni zuwa Juma'a, mai shi ya je ya faɗa da bakinshi.

Lawali ya ce, "Baba, ka ce na wani ɗan'uwanka ne daga ƙauye."

"Shi ne takardar jandarma."

"To ka ce na mai faci ne."

"Ka je ka faɗa, Mushe Lawali."

"Ni? In Madam ta ji, ai sai in bar garin." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya wuce.

Madam ta riƙe baki ta yi salati. Ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani. Tana cikin tunani har Alhamis.

Mushe Sale na same shi a ɗakina da safe, yana ɗaure igiyar takalmi. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba.

"Iro, shekara talatin da ɗaya ina shiga ƙofar nan. Yaron nan da aka kawo, ranar da na kama aiki yana bayan shanu. In tsaya gabanshi in ce bisa itace nake zuwa?"

"Ba sai ka ce itace ba. Ka ce babur naka ne."

"Zai tambayi dalili."

"To ka ɗauke shi."

"In kai shi ina? Da mi?"

"Aikina ne a kai, Sale."

Ban taɓa kiran sunanshi haka kai tsaye ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Ba zai kore ka ba. Barazana ce ta sabon zuwa."

"In ya kore ni fa?"

"Allah na nan."

Ya miƙe, ya gyara kwalar riga, ya ɗauki lakilenshi ya fita. Ledar tsofaffin kayanshi tana bisa tabarmata.

Alhamis da yamma na sake bin su. Magana guda na gaya wa kowa. Gobe ba zan jera babur ɗinka a fili ba. Za ka same shi a lungun baya, jikin katanga. Ka shigo da shi ta babbar ƙofa da hannunka. Kowa ya yarda da sauri. Lawali har ya ce zai ce mai ne ya ƙare mashi a bakin titi. Suna ganin da sassafe ne, ba mai gani.

Juma'a bayan asuba na fitar da baburan uku ta ƙofar baya. Na jera su jikin katanga, kafaɗa da kafaɗa. Na kulle ƙofar daga waje, na sa lakile a aljihu, na zauna bisa wani dutse.

Sharet ɗin itace ya iso kafin bakwai. Mushe Sale ya sauko da rawaninshi da ledarshi, shanun suka wuce kasuwa. Ya zo ya ga babura uku. Ya san su, kullum kusa da nashi suke. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan fa?"

"Ba ni da bakin faɗa."

"Buɗe mani in sa kaya."

"Bakwai da rabi ake buɗewa. Yau doka nake bi."

"Iro."

Ban tashi daga bisa dutsen ba. Ya dubi bakin lungu, ya dubi ƙofar. Babu inda zai je da wannan riga. Ya ja rawanin ya ƙara rufe fuska, ya tsaya jikin babur ɗinshi, ya juya wa hanya baya.

Can sai ga sharet ɗin jaki. Mata biyar da ƙoren nono, Madam Hadiza a tsakiyarsu ta lulluɓe da zane, takalmanta masu tsini a hannu. Tana sauka ta ga jan babur. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Baba Iro, wancan ba na Lawali ba ne?"

Kafin in ce wani abu muka ji ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Lawali ne ya shawo kwana bisa keken surukinshi. Keken ba shi da birki, da ƙafa yake tsayawa. Ya cusa ƙafafun wando cikin safa, gumi ya jiƙa rigar har ciki. Ya ja ƙafa a yashi ya tsaya daidai gaban jakin.

Suka kalli juna.

Madam ce ta fara. "Bagobiri! Wannan ne layin gidan man da kake kwana?"

"La ilaha! Bakatsina, ke ce cikin ƙore? Nawa ne ludayi?"

"Keken wa ka sato? Wannan ai ya girmi ubanka."

"Gara ni, ni ke tuƙa kaina. Ke jaki ne direbanki. Ashe gidanku duk direbobi ne!"

Matan nono suka fashe da dariya. Madam tana dariya har ta zauna bisa bakin sharet ɗin tana share hawaye. Mako uku kowane na ɓoye wa ɗan'uwanshi, abin ya ƙare a minti guda. Na ce a raina, shi ke nan, an huta.

Lawali ya jingine keke, ya nufi babur ɗinshi yana ta dariya. Sai ya ga mutum da tsohuwar riga ya dafa na kusa.

"Kai, tsoho, gafara. Ɗaga hannunka daga nan. Na Mushe Sale ne, ba ya son ƴan ƙauye suna shafa mashi."

Mutumin bai motsa ba.

"Ba ka ji ba? Baba Iro, wannan wurinka ya zo? In sadaka ce, yau Juma'a, ya bari a buɗe."

Mushe Sale ya juyo. Ya sa hannu ya sauke rawanin.

Mai sharet ya bugi jakinshi suka wuce. Lawali ya durƙusa ya shiga ciro ƙafafun wandonshi daga safa, ya daɗe a can ƙasa. Madam ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba Sale." Mushe Sale kuwa ni yake kallo.

"Lokaci ya yi?"

Saura kaɗan, amma na buɗe. Ya shiga ɗakina, ya fito da wando da takalmi kamar kullum. Ya bar ƙofar baya a buɗe, ya kama babur ɗinshi, ya tura. Su biyun suka bi bayanshi. Ni na bi ta ciki na buɗe babbar ƙofa.

Shef Bubakar yana tsaye a baranda. Ma'aikata sun fara isowa. Mutum uku suka shigo a jere, kowa na tura babur ɗinshi cikin yashi, babban a gaba. Ba wanda ya yi dariya, saboda wanda ke gaban. Shef ya ce, "Sannunku da zuwa." Suka jingine babura suka shige.

Da hantsi ya aiko a kira ni. Na shiga na tsaya, lakile a hannuna.

"Ban ji sunaye ba, Baba."

"Ba za ka ji ba, ranka shi daɗe."

Ya daɗe yana dubana. Ba murmushi, ba fushi.

"Mai da lakilenka aljihu. Amma kada ka sake tura babur don ka ruɗe ni. Ba ka iya ba."

Iyakar abin da ya ce mani ke nan. Bai yaba mani ba, ban kuma jira yabo ba. Ranar Litinin aka manna wata takarda ƙarƙashin tsohuwar. Madam ta karanta mani. Duk mai son babur ɗinshi ya kwana, ya gaya wa Shef da kanshi, a rubuta. Keke da sharet suna iya shigowa ta babbar ƙofa su sauke mutum. Ran nan Madam ta sauka a gaban baranda cikin ƙorenta, tana gaida kowa. Lawali ya kawo keken ya nemi inuwa, na ce ya yi shekara goma tukuna. Kafin mako ya ƙare wasu biyu sun je sun rubuta suna, mutanen da ban taɓa zaton suna cikin matsi ba.

Mushe Sale bai rubuta ba. Tun ranar Juma'ar, da aka tashi, ya tura babur ɗinshi ya fita da shi tsakar rana, ya kai gidan wani danginshi a cikin gari. Can ya koma sauya kaya, ya ƙaraso da ƙafa. Lawali ya je har gida ya ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, yaro ne. Da damina ta sauka isans ya samu, kowa ya koma kan babur. Shi ma ya koma, amma bai sake shigo da shi filina ba. A waje yake ajiyewa, jikin katanga, cikin rana, ya kulle wuya. Wurinshi na inuwa na bar shi babu kowa wata uku. Daga baya na ba mai bi mashi.

In na yi mashi sallama yana amsawa, don wajibi ce. Ba ya ƙarawa. Da tsohuwarshi ta rasu na hau sharet na je ƙauyensu gaisuwa. Ya sa aka shimfiɗa mani tabarma, aka kawo mani ruwa, ya karɓi gaisuwata kamar ta kowane baƙo. Bana ya ajiye aiki. A wurin bankwana ya gode wa mutane da sunansu ɗaya-ɗaya, har masu shara. Ina tsaye bakin ƙofa ina ji. Bai kai kaina ba.

To ga abin da zan gaya maku, ku da kuka shigo aikin nan bayana. Ma'aikaci in ya ba ka babur, ba ƙarfen ne ya fi damunshi ba, yadda za a gan shi ne. Ranar da wani ya ce maka tsakanina da kai, ka tambaye shi nan take, har yaushe, kuma in ta ɓaci wa zai tsaya. In bai amsa ba, kada abinshi ya kwana. Su za su ji kunya ne kawai, kai za ka rasa ɗaki.

Ban faɗi sunan kowa ba, har yau mutane suna yaba mani a kan haka. Ni na san abin da na yi. Da yau ne, zan sake fitar da baburan, don ina da bakunan ciyarwa. Amma abin da aikina ke bukata shi ne Shef ya ga mutum uku suna turawa, ba wani abu ba. Bai bukaci Sale ya tsaya a lungu da tsohuwar riga ba. Minti biyar ne ya sa wandonshi, lakile kuma yana aljihuna. Haushinshi nake ji, shi ya sa ban buɗe ba.